Cikin Da Aka Cire Mani

Ku masu rubuto mani kuna cewa, "Hamdiya, sa mana hotonki mu ga yadda kika koma," ku yi haƙuri, ba zan sa ba. In hoto kuke so, ku dubi ɗan farantin nan da ake ɗora kofin shayi a kai. Shi ne kwanon abincina yau. Ni Hamdiya ta Agiye, wadda a da in na zauna gaban tire sai ƙannena su ce a ɗebar masu nasu tukuna.

Bari in koma baya kaɗan saboda sababbin zuwa. Malamar lakol ce ni, wato makarantar boko. Da ƙiba na tashi, kuma ba ta taɓa damuna ba, don a garinmu mace mai jiki ita ce mace. Sai da ciwon suga ya ɗauke Baba, ya juyo kaina, gwiwoyina suka fara ƙara, numfashi yana sarƙe mani in na kwanta, sannan hankali ya tashi. Yayana Surajo da ke aiki a Tunis ya rantse ba zai rasa mutum biyu da ciwo ɗaya ba. Da rani ya sa aka kai ni can, aka yi mani fiɗa, aka yanke mafi yawan jakar abincina aka bar mani 'yar kaɗan.

Ranar sallama lokotoron, wato likitar da ta duba ni, wata mace mai gilashi, ta zaunar da ni ta karanto mani dokoki. Ki fara da nama ko ƙwai ko wake, tuwo sai a ƙarshe in wuri ya saura. Ki tauna sai abu ya zama ruwa. Kada ki haɗa ci da shan ruwa, ki bar tazara. Zaƙi ki yi mashi bankwana. Da kin ji nauyi a ƙirji ki aje cokali, ko loma ɗaya ce ta rage. Har na miƙe ta ɗaga yatsu biyu ta ƙara da cewa, "Kuma kada ki ɗauki ciki sai nan da shekara biyu. Jikinki ba shi da abin ciyar da mutum biyu yanzu." Na yi dariya, na ce ko aure ban yi ba. Wannan dokar ta ƙarshe ban gaya wa kowa ba. Wace budurwa ce za ta zaunar da saurayi ta yi mashi zancen ɗaukar ciki?

Suga ya sauka, alhamdu lillahi. Ina sujada ba tare da na dafa bango ba. Amma abin da ba wanda ya gaya mani shi ne kewa. Yunwa ba ta damuna, wallahi sai in wuni ban ji ta ba. Kewa ce ke cina. Ranar Juma'a Inna kan tuƙa tuwon hatsi, miyar busasshiyar kuɓewa, ta narka man shanu a kai, ta juye a babban tire. Ita da ƙannena Nasira da Farida su kewaye shi, hannuwa suna shiga suna fita, ana faɗan tsokar nama. Ni kuwa ina gefe bisa kujera da ɗan farantina, ina taunar ƙwai kamar mai jin tsoron ya ƙare. Kafin su kai rabi na gama, sai kallo.

"Ƙara loma ɗaya, don Allah," Inna za ta ce, tana miƙo mani a hannunta. "Ɗaya tak. Ni na haife ki, ba wannan mai gilashin ba."

"Inna, zai dawo."

"Ya dawo mana, ai ya shiga dai!"

Sau ɗaya na karɓa don kar ta yi kuka. Bayan gida na ƙarasa, ita ta riƙe mani buta, muka yi kukan tare.

To, ga Ashiru. Ma'aikacin buron kiwo ne, wato ofishin kula da dabbobi, yana yawo a babur ruga ruga yana yi wa dabbobi allura. Dogo, siriri, ba ya son yawan magana. Ranar da benci ya karye da ni a tashar Agiye kowa ya yi dariya ban da shi. Ya miƙo mani jakata, ya ce, "Bencin ne ba shi da ƙwari, Malama." Daga nan na mutu a kansa, ba sai na ɓoye maku ba. Ya so ni ina cika ƙofa, kuma shi ya raka ni tasha ranar tafiya fiɗa, idanunsa jajur.

Mahaifiyarsa, Dada, Bafulatana ce, tana zaune da shanunsu kusa da Gangara. Sau ɗaya ta gan ni a wani biki, ta ce da 'yan'uwanta, "Wannan ita ce mace." Tun daga lokacin, duk ranar kasuwar Gangara sai Ashiru ya iso da yamma da bido, 'yar jarkar nan, ɗaure a bayan babur, cike da nono, da curin man shanu a gwangwani. Dada ba ta taɓa aiko mani da magana ba. Bidon nan shi ne maganarta, kuma kowa a gidanmu ya gane abin da take cewa. Ko bayan na dawo, da ba na iya shan fiye da 'yan kurɓi, ƙarar baburin nan nike jira. Inna da yara su sha, ni in buɗe murfin in shaƙi ƙamshin.

Sai bido ya daina zuwa. Ga damina ta zauna, ciyawa ko'ina, lokacin da nono ya fi yawa. Kasuwa ta ci, shiru. Wata ta ci, shiru. Lakol na hutu, ba ni da aikin yi sai zama a zaure ina sauraron babura. Na iya bambanta kukan nasa da na kowa, ga shi duk wanda ya wuce sai gabana ya faɗi.

Na rubuta mashi a waya: "Lafiya dai? Shanun Dada sun yi yaji ne?"

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake, ya tsaya. Can sai ga: "Lafiya lau. Aiki ne ya yi yawa."

"Ashiru, ni ce fa."

"Na sani. Ki ci abinci."

Ki ci abinci! Mutumin da ya fi kowa sanin farantina. Na kife wayar, na ɗauka, na sake kifewa.

Nasira ce ta kawo mani amsar. Ta shigo ɗaki da rana tsaka, ta turo ƙofa, ta ce, "Yaya, ki zauna tukuna." Ta kunna mani wani saƙon murya da ke yawo a zauren hira na waya na matan garin Gazawa. Muryar wata mata da ban sani ba:

"Ke, ba ki ji ba? Malamar nan ta Agiye, ashe ba ƙiba ba ce duka. Waje aka fita da ita aka cire mata ciki. Wallahi daga bakin ƙanwar uwarta na ji, a gidan suna, gaban mutane. Ba ki ga yadda ta zube ba? Har yanzu amai take."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san sanda na zauna a ƙasa ba.

Ƙanwar Inna ɗaya ce, Tanti Balki ta garin Sae Sabuwa, mace mai kirki da bakin da ba shi da birki. Inna ta kira ta, washegari ta iso da jakarta, tun daga zaure tana rantsuwa.

"Ni mi na ce? Mi na ce, Yaya Rahina? Tambaya ta aka yi ina Hamdiya, na ce ta samu lahiya, an kai ta waje an cire mata ciki, mun gode Allah!"

"Balki," Inna ta ce, "sake faɗa. A hankali. Ki saurari kanki."

"An cire mata ci..." Sai ta kama baki da hannu biyu. "Na shiga uku! Ni cikin abinci nike nuhi! Na tuwo!"

"A gidan sunan akwai dangin Ashiru?" na tambaya.

Ta sunkuyar da kai. "Akwai wasu Hilani mata biyu. Har hura suka ba ni."

Na kira shi, bai ɗauka ba. Na sake kira har ya ɗauka.

"Ka ji, shi ya sa?"

Ina jin kukan awaki a bayansa. "Na ji. Ni na san gaskiya, Hamdiya. Na gaya wa Dada ta kowace hanya. Ta ce ita ba ta taɓa jin an yanke wa mai rai wurin abincinsa ya ci gaba da yawo ba. Ta ce namiji ba ya sanin irin wannan, abin da aka gaya mashi yake maimaitawa."

"Shi ne ka kasa gaya mani?"

"Da wane baki?" ya ce. "Kullum sai na biyo ta layinku. A bakin kwana nike kashe babur, in tsaya, in juya. Ba na iya zuwa maki hannu wofi."

Jama'a, in kun taɓa son mutum kun san abin da maganar nan ta yi mani. Ashe duk zaman da nike a zaure, yana nan bayan katangar maƙwabcinmu Alhaji Sharifu.

Inna ta ce maganin abin ɗaya ne, in ci in maida jikina, bakin mutane ya mutu. Na ce jikin da ya kusa kai ni inda Baba yake? Ta ce to budurwa dai ba ta zuwa gidan surukai ta wanke kanta, abin kunya ne. Tanti Balki ta share hawaye ta ce, "Gida ne ba a zuwa. Kasuwa ta kowa ce. Ni na ɓata, ni za ni raka ta mu sayi nono."

Ranar kasuwa na sa bazen ɗina ruwan ƙasa, wanda tela ya rage har sau biyu amma har yanzu wuyan yana zamewa. Inna ta tilasta mani ɗaura zane biyu a ciki don in ɗan cika ido. Zoben da Ashiru ya ba ni na naɗa mashi zare don kar ya faɗi. Na kafa ɗaurin kallabi ya rufe gaban goshi, inda gashi ya zube. Na dubi madubi, sai na ji kewar kumatuna.

Taksi ya aje mu Gazawa, muka hau baburan kabu-kabu zuwa Gangara, hatsi ya yi kai hagu da dama. Masu nono suna can gefen kasuwa ƙarƙashin itacen bedi, ƙore jere an rufe da faifai. Ban sha wuyar gane Dada ba. Tsohuwa ce 'yar siririya, da zane baƙi da awarwaro a hannu, idanunta irin na Ashiru sak. Ita ce ba ta gane ni ba, sai da Tanti ta yi bayani.

Na durƙusa har ƙasa. "Ina wuni, Dada."

Ta dube ni daga kallabi zuwa takalmi, ta daɗe. Hausar Dada ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta.

"Kai ne? Ina sauranka?"

Matan da ke gefenta suka yi ƙasa da murya, suka koma Fulatanci. Tanti ta buɗe baki za ta fara, Dada ta ɗaga mata hannu. Ta jawo babbar ƙwarya, ta saka curin hura, ta kwarara nono mai kauri, ta dama da ludayi ba gaggawa. Ta kwance ƙullin suga ta zuba, irin karramawar da ake yi wa babban baƙo. Ta turo gabana.

"Sha."

Ƙamshin ya doke ni. Nonon da nike kewa ne, ga shi har da gudajin mai yana yawo a sama. Na san dokata sarai. Na kuma san in na ce na ƙoshi a gaban matan nan, na ƙi hannunta ke nan, kuma na tabbatar masu da abin da suke raɗa. Na yi bisimilla.

Ludayin farko, wayyo Allah, har idona ya kawo ruwa don daɗi. Na biyu ya zauna. A na uku na ji nauyin nan a ƙirji, wurin da aka ce in aje. Na ɗago, Dada na kallona, ƙwarya ko alamar raguwa ba ta yi ba. Na ƙara. Na sake ƙarawa.

Zufa ta keto mani. Zuciyata ta hau bugu kamar ana daka, kasuwar ta fara juyawa. Na miƙe da gudu na zaga bayan wani dannin kara, na durƙusa, duk abin da na sha ya dawo. Ina ji wata daga cikin matan ta ce da Hausa, don in ji, "To, ga shi nan."

Na ce shi ke nan, na kashe kaina da hannuna. Ina nan durƙushe ina kuka sai na ji ƙarar awarwaro. Dada ce da buta. Ta zuba mani ruwa na wanke baki, ta tsuguna gabana, ba kowa sai mu biyu.

"Gaya mani da bakinka. Mi aka cire maka?"

"Dada, ci..." Na haɗiye kalmar. Ita ce ta kawo ni nan. Na lalubi wata a kaina, ban samu ba sai wadda ake faɗa a rumfar mahauta, wadda ba a faɗa wa mutum sai da zagi. "Tumbi, Dada. Tumbina aka yanke aka rage. Suga ne zai kashe ni yadda ya kashe babana."

"Tumbi," ta maimaita.

Kunya ta riga ta ƙare mani. Na ɗaga rigar bazen, na sassauta zannuwan Inna, na nuna mata 'yan tabban fiɗar. Ta sa yatsa mai kaushi ta taɓa na sama, can ƙarƙashin haƙarƙari. Ta gangaro da tafin hannunta ƙasan cibiya, inda fata take sumul, ta bar shi nan jim kaɗan. Ta koma sama ta sake taɓawa.

"Nan ba mazaunin ɗa ba ne," ta ce a hankali. "Nan mazaunin ciyawa ne."

Dariya da kuka suka haɗe mani. Ita ba ta yi dariya ba. Ta gyara mani zane da kanta, ta ce, "Kai ma wawa ne. Ka san tumbinka bai kai na ɗan akuya ba, ka ɗauki ƙwaryata?"

"Na ji tsoron ki ce na ƙi hannunki."

Ta kama hannuna muka koma gindin bedi. Ta yi wa matan magana da Fulatanci, gajeriya, kalma ɗaya na tsinta a ciki, tumbi. Wadda ta yi mani habaici ta sunkuya tana gyaran faifai. Tanti Balki kuwa sai "Kun ji ko! Na tuwo!" take, ba mai kula ta.

Dada ta laluba cikin kayanta ta fito da wani ɗan ƙoƙo, bai fi tafin hannuna ba, ya yi baƙi don tsufa, an ɗinke tsagarsa da zare. Ta ɗauraye shi, ta zuba nono zalla ba suga, ta aje gefena.

"Ba yanzu ba. In tumbin ya huce." Ba ta kama sunan Ashiru, ɗan fari ne. "Da wannan na yaye mai babur. Ka tahi da shi. In ka zo gidana, shi ne ƙwaryarka, ba mai cewa ka ƙara."

Tun da na dawo daga Tunis ba wanda ya ba ni abinci daidai ni sai ita. Na riƙe ƙoƙon da hannu biyu. A raina har na hango kaina zaune cikin mata a rugarsu, kowa da ƙwaryarsa, ni da nawa, ba a gefe ba.

Ta cika bido ta miƙa wa Tanti. Muna shirin tashi ta riƙo gefen mayafina, ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Na haihi bakwai, shi kaɗai ya saura. Idona ya fara duhu. In an yi girbi a ɗaura auren. Damina mai zuwa ina son in ga na goye a bayanka, ɓingel am, ɗana. Tunda wancan cikin ƙarya ne, ka kawo mani na gaskiya. Ka ji?"

Fuskar mai gilashi ta faɗo mani, da yatsunta biyu a ɗage. Na buɗe baki. Ga matan nan sun kasa kunne, ga hannunta a mayafina, ga ƙoƙon yaye a cinyata. Ku gaya mani, a cikinku wa aka koya wa wata amsa in tsohuwa ta ce "ka ji"?

"To, Dada," na ce.

Ba mu kai Gazawa ba wayata ta yi ƙara a jaka. Sai da muka shiga taksi na duba. Saƙon murya ne daga Ashiru, iska na kaɗawa a ciki, yana kan babur, yana dariya irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Hamdiya! Dada ta sa an kira ni. Ta ce in gaya wa baffannina su shirya. Ta ce kin yi mata alkawari, wai in tambaye ki ko na mine ne. Ina nan tahe Agiye, yau har ƙofar gida. Alkawarin mi kika yi mata?"

Na saurara sau uku. Na rubuta, "In ka zo akwai maganar da lokotoro ta..." na goge. Na rubuta, "Sai ka zo," shi ma na goge. Tanti na gefena rungume da bido tana ta murna, tana lissafin kalar ankon da za a fitar.

Yanzu haka ina zaure, ɗan ƙoƙon yana hannuna, na sha rabin nonon na aje don ƙirjina ya ce ya isa. Daga bakin kwana ina jin kukan baburinsa, kuma wannan karon bai kashe ba.